Kamanni A Awo Yake, Ba A Inuwa Ba

Ka tambaye ni, yaro, dalilin da ya sa duk fuskar da ka zana ba ta kama da mai ita, alhali kana ɓata rabin yini kana shafa mata inuwa da fensirin 6B mai laushi da baƙi sosai. Dalilin shi ne ba ka aunawa. Idanu a tsakiyar tsawon kai suke zama, ba can kusa da gashi inda ku 'yan koyo kuke liƙa su ba, tazarar da ke tsakaninsu kuma kusan faɗin ido ɗaya ce. Idan ka kafa wannan, sai ka miƙe hannunka sosai, ka runtse ido ɗaya, ka ɗora babban yatsa a jikin fensir, ka gwada inda mutumin ya saɓa wa ƙa'idar, domin da wannan ɗan saɓanin ake gane shi. Fiƙe fensir da riƙe shi kuwa, wanda bai iya ba ya koma firamare.

Maganar awon nan ce ta tuna mini da wani ɗan koren 'yan siyasa da har gobe ban yafe masa ba. Gab da zaɓen 2003, kafin injinan buga manyan hotunan talla su cika gari, ya same ni a shagona na titin Bauchi a Jos da hoton fasfo na ɗan takararsu, wanda hatimi ya ci rabin kunnensa, ya ce yana son fuskar a manyan allunan katako, kowanne ƙafa takwas da huɗu. Na raba hoton gida-gida da rula, na raba allunan da alli daidai da haka, na kwashe fuskar gida bayan gida har da tsagen da ke kumatunsa. Kafin alƙalamin da ya ajiye ko katakon bai saya ba, fenti da kananzir kuwa bashi na ɗauko a bakin kasuwar Taminus, inda 'yan kasuwa suka baje a titi bayan gobarar da ta ci kasuwar a 2002.

Ranar karɓa ya iso da a-kori-kura da samari majiya ƙarfi, ya ƙare wa aikin kallo, ya ce na faɗaɗa wa Alhaji hanci, na kuma tsufar da shi. Na ɗora rula a kan hoton, na ɗora a kan allon, na nuna masa cewa faɗin hancin bai wuce tazarar idanun ba a duka biyun. Sai ya ce ai ba rula ce za ta kaɗa ƙuri'a ba, bari dai a kai wa Alhaji ya gani. Ba a yi mako ba na ga allunana a kafe a Farin Gada, 'yan acaɓa suna nuna su suna kiran sunan mutumin, alhali ba a rubuta sunan ba tukuna. Da na bi sawun kuɗina bayan zaɓe, cewa ya yi ai ba su ci ba.

Shi ya sa a shagon nan ba a buɗe gwangwanin fenti sai mai aiki ya ga zanen fensir a kwali, ya sa hannu a bayansa, ya ajiye rabin kuɗi.

Ku yaran yanzu kuwa, ɗora takarda kuke yi a kan gilashin waya kuna bin layi, ku watsa a TikTok a ce muku gwanaye. Ajiye wayar. Ɗauko butar alwalar nan ka girke ta kusa da taga yadda haske zai zo mata ta gefe ɗaya, ka zana ta da fensirin HB na yau da kullum, ka auna tsawonta da faɗinta kafin ka ja layin farko, kuma kada na ga abin gogewa a hannunka.