Amsar Malam ga Yaya kan sakamakon yaronta

Assalamu alaikum jama'ar gida. Yaya, na saurari muryar da kinka turo da sahe, kinka ce yaronki ɗan SS2 (aji biyu na babbar sakandare) ya kawo sakamako duk jan biro, ke kuma ba ki yi boko ba balle ki taimaka mishi. To ki yi haƙuri, wagga magana ban yarda da ita ba.

Ni da nike cikin aji kullum, yaran da ke yin na ɗaya da na biyu ba duka ne ɗiyan 'yan boko ba. Babban abin da gida ke ba yaro shi ne lokaci. Dubi wunin yaron ga: an tashe su wajen ƙarhe biyu, ya tako cikin ranar Sakkwato, ya ci abinci, ya tahi Islamiyya, daga can ya wuce shagon babanshi kasuwa, sai bayan isha'i ya shigo jiki duk ya mutu. Don Allah yaushe za shi buɗe littahi? Ku zauna da maigida ku yanke mishi awa biyu da babu aike, babu waya. Ga watannin zahi, Maris zuwa Mayu, bayan asuba ya hi, kai na sanye. In babu wuta, 'yar hitilar sola ta isa.

Ko ba ki iya karatun ba, ki ce ya kawo littahinshi na rubutu. Ki duba kwanan wata a saman shahi, ki duba ko akwai sa hannun malami. In kinka ga sati biyu babu sabon rubutu, to ko dai ba shi zama aji, ko malamin ba shi shiga. Ko wanne ne, sai kin taka kin je za ki sani. Iyayenmu da yawa ba su zuwa makaranta sai ranar da anka kori yaro, wallahi abin na ci mini rai.

Sannan SS2 ba wasa ba ne hwa. Makin gwajin cikin aji makaranta na tura shi ga WAEC, hukumar jarrabawar gama sakandare. In shina son Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko jami'ar jiha, sai da kiredit 5, har da Turanci da lissahi, ga kuma JAMB, jarrabawar shiga jami'a, darussa 4 bisa kwamfuta. Ki tambaye shi mi shike son zama. In likita ne, Physics, Chemistry da Biology dole. In lauya ne, sai da Literature. Akwai yaran da ke bin abokai su shiga ajin kimiyya alhali ƙarhinsu na wani wuri, jan biron daga nan shike tasowa.

Af, ku duba NIN ɗinshi, lambar shaidar ɗan ƙasa, tun yanzu. JAMB ba ta rajista babu ita, kuma suna da ranar haihuwa su zo daidai da na makaranta, kada a zo ana guje-guje ranar ƙarshe.

Bulala dai ki aje ta tukuna. Ran Litinin bayan ƙarhe goma ba ni da aji, in kin shirya in biyo mu je mu ga malamin ajinsu tare.