Dalilin da yasa na yanka zuwa fuskar maman

Kace me yasa da nake tace fim ɗin, a sin ɗin falo na ɗauke hoto daga kan baban yana tsakiyar magana na kai kan maman da bata ce uffan ba, wai kamar na kashe barkwancin. Toh ɗana, a sitkom, wasan barkwancin nan na iyali da ake sawa a talabijin mako mako, abinda aka rubuta a sikirif baya ba da dariya shi kaɗai sai an ga fuskar wanda maganar ta sauka a kansa. Baban yace shi ai tun safe yake aiki bai huta ba, ina abin dariya a nan? Babu. Amma da ka nuno matar ta ɗago ido daga waya ta kalle shi ta gefe ta maida kai bata ko motsa baki ba, shikenan, ɗan kallo ya gane ta daɗe tana jin wannan ƙaryar har ta gaji da musu. Minti 22 ne fa kacal ake dasu idan an cire talla daga rabin awa, ba lokacin da wani zai tsaya yayi bayanin wai ni ne babban ɗa, waccan auta ce shi yasa ake lallaɓa ta, dole jiki ne zai faɗa.

Kuma ba yau aka fara ba. Wajen 1920 wani mai shirya fim ɗan Rasha Lev Kuleshov ya ɗauki fuskar jarumi guda ɗaya bata canja ba, ya jera ta da kwanon miya, ya jera ta da akwatin gawa, ya jera ta da wata mace, masu kallo suka ce sun ga yunwa, sun ga baƙin ciki, sun ga sha'awa. Fuska ɗaya fa. Kenan kai mai tacewa kai kake saka ma'anar da abinda ka liƙa gaba da baya. Shi yasa ma a 1951 da aka fara sitkom ɗin I Love Lucy a Amurka, mai ɗaukar hoto Karl Freund ya tsara kyamara 3 suna ɗauka lokaci guda a gaban 'yan kallo, mai magana da mai sauraro duk an kama su a ɗauka ɗaya, ba sai an ce wa jaruma sake mamakin nan ba, mamakin da aka sake wallahi ana ganewa.

Sannan ka riƙa lura da wurin zama, nan ne yara sabbin shiga basa kallo. Wa ke tsakiyar kushin, wa ya ɗosana a hannun kujera, wa ke tsaye bakin ƙofa kamar zai gudu. A sitkom ɗin Amurka All in the Family kujerar maigidan, Archie Bunker, tasa ce shi kaɗai, duk wanda ya zauna sai ya tashe shi, har aka kai kujerar gidan tarihi na Smithsonian a 1978. Idan ka matse hoto kan fuska alhali darakta ya jera mutane da gangan, ka zubar masa da aiki, a irin wannan wurin faffaɗan hoto ake bari ya ɗan jima.

Abu ɗaya dai, kada ka haddace wai sunkuyar da kai kunya ce, naɗe hannu fushi ne. A wani gidan ɗa ya sunkuya ladabi ne, a wani gidan ƙarya ya shirga. Ka fara sanin yadda mutumin yake kullum, ranar da ya saɓa ita ce labarin, yaron da kullum bakinsa baya rufuwa yau yayi tsit.

Naka yankan da na duba matsalarsa gaggawa, kana komawa kan baban tun dariya bata sauka ba, maganarsa ta gaba ta nutse a ciki. Koma ka kashe sauti gaba ɗaya ka kalli sin ɗin, ka rubuto min wa ke tsoron wa a gidan, sannan ka ƙara wa kallon maman kamar rabin sakan ka turo min in gani kafin a saka sautin dariya.