Kinney Drugs: wane irin kantin magani ne?

Ka ce karatu zai kai ka arewacin jihar New York, ka ga sunan Kinney Drugs a garin da za ka zauna, kana tambaya ko abin dogaro ne. Ƙwarai kuwa, ai tsohon hannu ne.

Wani mai haɗa magani, Burt Orrin Kinney, shi ya buɗe shagon farko a 1903 a Gouverneur, wani ɗan ƙaramin gari kusa da iyakar Kanada. Yau rassansu sun kusa ɗari, amma duk a jihohi biyu suke, New York da Vermont, galibi a ƙananan garuruwa. Abin da ya fi burge ni shi ne ma'aikatan ne ke da kamfanin. Wadda ke miƙo maka magani ta taga tana da hannun jari a ciki, don haka ba ta yi maka riƙon sakainar kashi.

Sai dai ka kiyaye: a Amurka ba a sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoxicillin sai da takardar likita. Yawanci ma likitan ne zai tura takardar ta kwamfuta, kai dai ka je da katin inshorarka, ka faɗi sunanka da ranar haihuwarka. Maganin ciwon kai da na tari kuwa suna kan kanta, ɗauka kawai za ka yi ka biya.

Suna yin allurar rigakafin mura, kuma a rassa da dama kana cikin mota za a miƙo maka maganinka. Ranar da ƙanƙara ta rufe gari za ka san daɗin wannan.