Jaririna ya rasu yana barci a gidan raino, ina da wata hanya?

Tambaya: Barista, da safe na kai ɗana ɗan wata 4 gidan raino lafiyarsa ƙalau. Da azahar aka kira ni wai bai farka ba. A ranar muka yi masa sutura. Dangi sun ce in bar wa Allah, amma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Amsa: Allah ya sa mai ceto ne, Malama, ya ba ki haƙuri. Neman sanin abin da ya faru da ɗanki bai saɓa wa tawakkali ba, haƙƙinki ne.

Likitoci sun san jariri ɗan ƙasa da shekara 1 kan mutu farat ɗaya cikin barci, musamman tsakanin wata 2 zuwa 4, ba tare da laifin kowa ba. Sai dai ba a yanke hukuncin cewa irin wannan mutuwar ce sai an binciki gawa, an duba makwancin, an karanta tarihin lafiyar yaron. Tunda an riga an binne shi, shaidarki ta koma kan takardu da bakin mutane.

Don haka tun yau ki rubuta komai. Ƙarfe nawa ya sha nono? Wa ya kwantar da shi, rigingine ko rubda ciki? Akwai filo ko bargo kusa da fuskarsa? Yara nawa ke hannun mai raino ɗaya, kuma wa ya fara ganinsa? Kada ki goge saƙonni da kiran waya. Ki adana katin rigakafinsa, ki karɓi bayanan asibitin da aka kai shi, ki yi rajistar rasuwar a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Idan akwai kyamara a gidan, lauya ya rubuta musu da gaggawa kafin hoton ya goge.

Kina iya kai rahoto ga 'yan sanda, su sanar da majistaren da ke binciken musabbabin mutuwa. Yana da ikon kiran shaidu, har da ba da umarnin tono gawa, kuma na san wannan yana da nauyi a zuciyar uwa, sai ku zauna da maigidanki ku auna. Kina kuma iya shigar da ƙarar sakaci a babbar kotu ki nemi diyya, amma ke za ki tabbatar cewa sakacin ne ya jawo rasuwar, kuma doka ta ƙayyade wa'adin shigar da ƙara.

Kada ki ambaci sunan kowa a Facebook, don kada a juyo miki da ƙarar ɓata suna. Idan sun kawo takardar sulhu, kada ki sa hannu sai lauyanki ya karanta.