Hilux na nishi a Hawan Kibo: a ƙara wa injin ƙarfi ko a sauya giyar aksul?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da Hilux samfurin 2012 mai shan gas, injin 2KD, giyar hannu, mai jan ƙafa huɗu. Na sa an ƙera mini tirela mai aksul biyu, nauyinta kusan kilo 600, ba ta da birki. Ina ɗora mata buhun taki 40 in hau Jos ta Hawan Kibo, in sauko da dankali. Tun da na cire tayoyin kamfani 205R16C na sa 265/75R16 motar ta mutu a hawa, sai giya ta biyu, ga baƙin hayaƙi, wani lokaci allurar zafi ta ɗaga. Wani ya ce zai sa mini ɗan akwati da zai ƙara wa injin ƙarfin doki 40, har motar ta ja tan huɗu. Wani kuma ya ce giyar aksul zan sauya. Wannan mota ita ce jarina, ina tsoron in kashe injin. Mai karatu daga Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Tsoronka na kan hanya, sai dai injin ne ƙarami a cikin abin da ya kamata ka ji wa tsoro. Bari mu fara da mutuwar motar.

Tayoyin ne suka ci ƙarfin. Tsayin 205R16C kusan milimita 734 ne, na 265/75R16 kuma kusan 804. Bambancin ya haura kashi 9 cikin ɗari, kuma gwargwadon haka ƙarfin da ke isa ƙasa ya ragu a kowace giya. Haka ma birki ya ragu, allurar gudu kuma tana nuna maka 80 alhali kana kusan 88. Magani mafi arha shi ne ka mayar da tayoyin kamfani masu harafin C, waɗanda dama na lodi ne.

Idan hanyar gona ta tilasta maka manyan tayoyi, to na biyun ya fi gaskiya, giyar aksul za a sauya. Fara da sanin wadda ke ciki, domin Hilux ta fito da iri-iri, har da 3.58, 3.91, 4.10, 4.30 da 4.56, wato yawan zagayen farfela a duk zagaye ɗaya na tayoyi. Datse ƙafafun gaba, sa giya a firi, ɗaga ƙafar baya ɗaya da jak, yi alama da alli a farfela, ka juya tayar sau 20 kana ƙirga zagayen farfelar. Raba abin da ka samu da goma. Idan tayar ta ƙi juyawa, aksul ɗin mai LSD ne, wato irin wanda ke riƙe ƙafa biyun su juya tare, sai ka ɗaga ƙafa biyun ka juya sau 10. In ka samu zagaye 39, taka 3.91 ce. Ninka ta da 804, raba da 734, za ka samu 4.28. Ke nan 4.30 ce za ta mayar da motar yadda kamfani ya yi ta, 4.56 kuma ta ba ka ƙarin kusan kashi 6 na jan kaya, amma injin zai riƙa kuka a doguwar hanya, ya kuma ƙara shan mai in babu lodi. A gudun kilomita 80 cikin giya ta huɗu, 3.91 na ba ka zagayen injin kusan 2,060, 4.30 kuma kusan 2,270.

Tunda motarka mai jan ƙafa huɗu ce, dole a sauya gaba da baya, lamba ɗaya. Wanda ya sauya baya kaɗai, ranar da ya sa ƙafa huɗu a kan ƙasa mai tauri aksul biyun za su yi ta kokawa har wani abu ya karye. Kirawun da finiyan, wato giyoyi biyun da ke haɗuwa a cikin aksul, tare ake sayensu, ba a haɗa na wannan mota da na waccan. A sa sababbin boris da sil da sabon zoben nan da ake matsewa a bayan finiyan, domin sau ɗaya yake aiki. Tazarar haƙora ta tsaya tsakanin milimita 0.13 da 0.18, da agogon awo ake duba ta, sannan a shafa wa haƙoran launi a ga inda suke haɗuwa. Bakaniken da ya ce a hannu yake ji, ɗauke kayanka ka tafi. Man giya mai lamba GL-5 za a zuba. Yi kamar kilomita 800 ba tirela, zubar da man, sa sabo, kafin ka ja kaya.

Baƙin hayaƙin kuwa cewa yake mai ya fi iska yawa, ko nozul ba sa feshi daidai. A duba matatar iska da ta gas, tiyon turbo ko ya tsage, ƙazantar da EGR, wato bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin injin, ke tarawa a hanyar iska, da ɗan bawul ɗin SCV da ke jikin famfon mai, wanda in ya fara maƙalewa mota ke rasa ƙarfi. A sa kwamfuta a karanta lambobin nozul huɗun. A duba wasoshin da ke ƙarƙashinsu, domin in suna yoyo gawayi na shiga baƙin mai ya toshe rariyar famfon baƙin mai a ƙasan injin. Batun zafi, a wanke lagireto, a gwada kulocin fanka, murfi ya riƙe iska. In wani ya cire maka tamostat da sunan ƙasarmu akwai zafi, mayar da shi, mai buɗewa a digiri 82. Allurar Toyota tana zama a tsakiya ko zafi na hawa, in ka ga ta motsa to abin ya riga ya yi nisa.

Yanzu ga maganar mai akwati, wadda kullum ake zuwa da ita, kuma ita ce mai kisa: wai in an ƙara wa injin doki, nauyin da mota za ta ja ya ƙaru. Ƙarya ce. Kamfani bai yanke iyakar jan kaya da ƙarfin injin kaɗai ba. Ya duba birki, shasi, sifirin, aksul, tayoyi, kuloci, sanyaya injin, da yadda motar za ta tsaya ƙyam in tirela ta fara lilo. Akwatin bai taɓa ko ɗaya a cikinsu ba. A littafin Hilux, tirelar da ba ta da birkin kanta iyakarta kilo 750, har da nauyin tirelar. Taka ta cinye 600 tun ba a ɗora komai ba, saura buhu uku. Kai kuma buhu 40 masu kilo 50 kake ɗorawa, kilo 2,000, jimilla 2,600. Ko mai birki ce, iyakar wannan samfuri ta bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma babu inda ta kai tan uku. Tan uku da rabi da kake ji ana faɗa na wasu sababbin samfura ne. Tan huɗu kuwa, mai akwatin ne ya ƙirƙiro abinsa, kuma ba shi zai zauna a bayan sitiyari ba.

Hawa ba shi ne babban haɗarin ba, galibi mota ta gaji ta tsaya. Saukowa ce matsalar. Motarka da mutane da ɗan kayan da ke bodi da tirelar sun kai tan biyar. Duk gangarar da ta kai zurfin mita 100, zafin da tan biyar ke zubawa ya isa ya tafasa ruwa lita 15, kuma in da ƙafa kake riƙe motar, kusan duk wannan zafin a birkin Hilux kaɗai yake sauka. Man birki DOT 3 sabo yana tafasa a digiri 205, wanda ya sha danshi a 140. DOT 4 kuma 230 da 155. Da ya tafasa sai tururi ya cika bututu, ka taka feda ta nutse har ƙasa. A lokacin tirelar ta fi motar nauyi, ita ke tura ka. Ka taɓa birki a kwana, ta ture bayan motar gefe, ta naɗe ku. Da doki 40 ɗin me za ka yi a wannan lokaci? Abin da za su yi maka shi ne su kai ka saman dutse da nauyin da ba ka iya saukowa da shi. Mutuwar da motar ke yi a hawa ita ce take hana mutane ƙara lodi, mai akwati kuma wannan gargaɗin yake sayar maka da hanyar kashewa.

Shi kansa akwatin, yawancin masu arha ƙarya suke wa kwamfutar mota. Ana soka su a wayar na'urar da ke auna matsin mai, su ce matsin ya yi ƙasa, kwamfuta ta sa famfo ya ƙara. Matsin da dama ya haura bar 1,300 sai ya ƙaru, mai ya yi yawa, iska tana nan yadda take. Mota marar kaya za ta yi zafin nama na daƙiƙa goma, mai ita ya yi murna ya biya. Mai tirela kuwa minti goma yake yi totur a ƙasa, zafin hayaƙi ya yi ta hawa ba abin da ke nuna masa, har fiston ya tsage ko turbo ya ƙone. Nozul na saurin lalacewa, bawul ɗin da ke sakin matsi ya saki jiki, kuloci ya fara sulɓi. Wasu akwatunan ma feda kawai suke wa wayo, ka taka kaɗan ta ce ka taka da yawa, ko doki ɗaya ba su ƙara ba.

Ban ce ba a taɓa kwamfutar injin ba. Ana yi, bayan injin ya samu lafiya, wurin wanda zai ajiye maka shirin kamfani na asali, ya gwada motar a na'urar awon ƙarfi, ya tsaya a ƙarin kashi 10 zuwa 15, kada ya tara ƙarfin a ƙasan zagaye 1,800 inda kuloci da giya suka fi wahala. Kafin nan a sa agogon zafin hayaƙi, a huda masa kafin turbo, domin bayan turbo lambar tana sauka sosai ta yaudare ka. A doguwar hawa kada ka zauna sama da digiri 650. Ya wuce haka, sassauta ƙafa, sauko giya ɗaya. Kada ka ja kaya mai nauyi a giya ta biyar, ta huɗu ce ke tafiya kai tsaye ba ta wahalar da haƙora.

Kuɗin akwatin kai su wajen tirela. A sa mata aksul masu birki da maƙalar da ke taka birkin da kanta in tirela ta turo mota, ko birkin lantarki mai na'ura a gaban direba. Ƙarfen ja a ɗaure shi da kusoshi a ramukan shasi, ba walda a bamba ba, da sarƙa biyu a gicciye ƙarƙashinsa. Kusan kashi 10 na nauyin tirela ya kwanta a kan maƙalar, kada ya wuce abin da aka rubuta a jikin ƙarfen, kuma wannan nauyin cikin lodin motar ake lissafa shi. In kaya suka koma baya, lilo zai fara tun ba ka yi wani gudu ba. Sauya man birki duk shekara biyu. Sauko gangara da giyar da ka hau da ita, taka birki da ƙarfi ka saki, kada ka kwantar da ƙafa a kai. Kafin a gama wannan aiki, Malam, ka ji tsoron Allah ka ajiye tirelar. Ba kai kaɗai ke bin hanyar ba, akwai motocin haya cike da mutane a gabanka. Takin ka ba babbar mota ta hau da shi.