Tatsuniya ko hikaya? Amsa ga malamar Yamai

Malama, kin ce kin tara labaran koyar da hali don yaran ajinki, kina tambaya ko "tatsuniyoyi" za ki rubuta a bangon littafin ko "hikayoyi". Na daɗe ina koyarwa a lakwal nan Tawa, kuma shawarata ki duba labaran ɗaya bayan ɗaya kafin ki sa suna.

Tatsuniya, wadda mu nan muka fi kira gatana, ba ta ɗauki alkawarin gyara kowa ba. Dubi Gizo: ya cuci kura, ya yaudari Ƙoƙi matarsa, sau da yawa kuma ya sha lafiya lau, yara na ta dariya. Wane darasi ke nan? Akwai masu darasi, kamar na marainiya da kishiyar uwa, amma ba shi ne sharaɗi ba. Sharaɗinta dare da "ga ta nan, ga ta nanku", yara su amsa "ta zo mu ji ta", a rufe da "ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya". Mai bayarwa da bakinsa ya shaida ƙirƙira ce. Shi ya sa in mutum na zuba a kasuwa ake ce masa ya bar yi mana tatsuniya.

Hikaya kuwa daga Larabci ta zo, ta bakin malaman zaure da masu wa'azi. Sarki da waziri, attajiri da almajiri, ana bayar da ita ko da rana tsaka, manya na zaune, kuma don izina aka kawo ta. Yawancin abin da aku ke faɗi cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a Zariya a 1937, irin wannan ne, har da waɗanda Imam ya ɗebo daga Alfu Laila, wato Dare Dubu da Ɗaya, ya sa musu rigar Hausa.

Ƙissa dai kar ki taɓa ta sai in labarin annabawa ne ko sahabbai, kamar ƙissar Annabi Yusuf. Iyayen yara ba za su yafe ba in suka ga kura a ƙarƙashin wannan suna.

To in naki na dabbobi ne masu magana, rubuta tatsuniyoyi. In mutane ne, kuma ke da kanki kina fito da darasin a ƙarshe, hikayoyi ne. In sun gauraya, raba littafin kashi biyu.