Motar da ba ta cika fita ba: dole ne a kai ta gwajin hayaƙi?

Wasiƙun wannan makon kusan duk daga 'yan'uwanmu mazauna jihar Fensilbaniya ta Amurka suka zo, kuma duk a kan abu ɗaya: sitikar gwajin hayaƙi da ake manna wa a gilashin mota.

Wata Hajiya daga Harisbag ta rubuto: "Maigidana ya rasu ya bar mini motarsa, Toyota Camry. Daga masallacin Juma'a sai asibiti sai cefane nake zuwa da ita. An ce mini akwai rangwame ga motar da ba ta yawan tafiya. Ina tsoron su ce sai na yi gyaran da ya fi ƙarfina."

Hajiya, Allah Ya jiƙan maigida, Ya ba ki haƙuri. Ki kwantar da hankalinki, wanda ya faɗa miki bai yi ƙarya ba. A Fensilbaniya, gundumomi 25 daga cikin 67 ne ake tilasta gwajin hayaƙi, kuma gundumar Dauphin da kike ciki tana daga cikinsu. Amma dokar ta ɗauke gwajin daga kan motar da ba ta kai tafiyar mil 5,000 ba a cikin wata 12 da suka wuce, wato kimanin kilomita 8,000. Idan aka raba, bai cika mil 100 a mako ba. Irin zirga-zirgar da kika lissafa da wuya ta kai rabin haka.

Sai dai akwai sharaɗi na biyu, kuma shi nake so ki duba: sai motar ta shekara a hannun mai ita. In ba a daɗe da mayar da takardar mallaka zuwa sunanki ba, ki sa a ranki cewa bana za a iya yi mata gwajin, rangwamen sai baɗi. Ko da hakan ta faru, Camry da ake kula da ita, wadda fitilar gargaɗin inji ba ta kunne, ba abin fargaba ba ce.

Kuma rangwamen ba ya zuwa gida ya same ki. Dole a kai motar garejin da ke da izinin bincike, su karanta mitar ƙirga mil, su gwada da abin da aka rubuta a binciken bara, sannan su manna sitikar da ke nuna an ɗauke mata gwajin. Ki tafi da rasit ɗin bara. Binciken lafiyar mota na shekara, wato birki da tayoyi da fitilu, yana nan daram, babu wanda ya yafe miki shi. Jiha ba ta yanke wa garejoji kuɗin aiki ba, don haka ki sa yaro ya buga wa wuri biyu ko uku waya kafin ki tafi.

Wani kuma daga Filadalfiya ya ce yana aikin Uber dare da rana, ko shi ma zai samu wannan rangwame?

Malam, kai da kake cinye mil 5,000 kafin wata biyu su cika? Kai motarka gwaji.

Wasiƙa ta uku ita ce ta hana ni sukuni. Wani saurayi ya ce motarsa ta yi mil 9,000 bana, fitilar inji na kunne, kuma wani "mutuminsa" ya ba shi zaɓi biyu: ko ya juya masa mita baya ta koma ƙasa da 5,000, ko ya kawo masa sitika har gida ba tare da an ga motar ba. Yana tambaya wanne ya fi araha.

Ɗana, babu mai araha a ciki, kuma wannan mutumin ba mutuminka ba ne. Taɓa mitar mota laifi ne a dokar tarayyar Amurka, hukuncinsa yana iya kaiwa ɗaurin shekara uku, ban da tara. Ba kuma abu ne mai ɓoyuwa ba. Duk lokacin da motar ta shiga bincike ko aka canja mata mai a babban gareji ana rubuta mil ɗinta, kamfanoni irin su Carfax suna tara waɗannan lambobi. Ranar da mai saye ya buɗe tarihin motar ya ga lissafin bai haɗu ba, kai za a nema, mai juya mitar ya daɗe da canja lambar waya. Sitikar kuwa kowace da lambarta, kuma akwai garejin da aka damƙa wa ita. Ɗan sanda ya tsayar da kai ya duba ya ga babu rajistarta, to ka biya kuɗin jabu, ga tara, ga gyaran da ka guje wa yana jiranka. In takardun zamanka ba su gama daidaita ba, ka tambayi kanka ko takardar manna wa gilashi ta kai ka tsaya gaban alƙali.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne inda irin waɗannan motoci ke ƙarewa. Motar da aka juya wa mita, aka cire mata matatar hayaƙin da ke cikin salansa (wadda kanikawan gida ke kira indomi) don a sayar da ƙarafa masu tsadar da ke cikinta, ita ce ake lodawa a jirgin ruwa ta sauka Kwatano ko Legas. Can wani malamin makaranta a Kano ko Maraɗi ya haɗa adashensa na shekaru ya saya, yana murna ya samu mota mai ƙaramin mil. Wata uku giya ta fara bugawa. Hayaƙin da babu matatar da za ta tace shi kuwa yaran unguwa ne ke shaƙa. Cire matatar nan ma laifi ne a dokar tsabtar iska ta Amurka. Mu da muka san zafin sayen jabun magani da jabun batir a kasuwa, bai kamata a same mu muna ƙera jabu da hannunmu ba.

Ka je a sa wa motar na'ura a karanta abin da ya kunna fitilar. Shagunan kayan mota da yawa suna karantawa kyauta. Sau da yawa murfin tankin mai ne ya saki, ko wata 'yar na'urar auna iska a salansa ta mutu. In gyaran ya yi nauyi, jihar tana da tsarin sassauci ga wanda ya kashe wani adadi a gyara motar ta sake faɗuwa. Ka tambayi garejin ka'idarsa kafin ka biya ko sisi, kuma ka adana kowane rasit.

Wani dattijo daga Baltimo ta jihar Merilan ya tambaya ko dokar ta shafe shi. A'a Baba, kowace jiha da tata. A Merilan akwai sassauci ga mai shekara 70 zuwa sama da ba ya wuce mil 5,000 a shekara, amma sai an cika takardar nema.

Na ƙarshe, wani ɗan kasuwa da ke tafiya gida ya yi wata biyar duk shekara. Ya dawo ya tarar batir ya mutu, ya sa sabo, ya wuce gareji kai tsaye, suka ce motar "ba ta shirya ba". Yana zargin cutarsa suke so su yi.

Alhaji, ba su cuce ka ba. Motocin 1996 zuwa yau kwamfutar cikinsu ake tambaya, ita ke gwada kanta yayin tafiya. Da batir ya yanke, duk abin da ta adana ya goge. Ka yi 'yan kwanaki kana tuƙa ta, cikin gari da babbar hanya, kana tayar da ita da safe inji na sanyi, sannan ka koma. Kafin nan ma ka duba mitarka, mai yiwuwa ba ka kai 5,000 ɗin ba.

Amma kada rangwamen ya sa ka ɗauka motar lafiyarta ƙalau. Ajiya tana cin mota. Fetur ɗin nan akasari yana ɗauke da kashi 10 cikin 100 na itanol, in ya daɗe a tanki yana jan ruwa ya lalace. Faifan birki na tsatsa, musamman bayan gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara. Tayoyi na tsagewa ko da zanensu bai cinye ba, ɓeraye kuma na shiga su ci wayoyi. Kafin tafiyarka ta gaba ka cika tanki, ka wanke ƙarƙashin motar, ka bar wa amintacce makulli ya riƙa fita da ita na minti 20 ko 30 duk mako biyu. Ka kuma tabbatar inshorarka ta san da shi kafin ya zauna a kujerar direba.